Ranar da Aka Neme Ni a Shagona Aka Ce Babu Ni

Ranar Talatar nan, jama'a, na wuce shagona ban gane shi ba. Ba tsufa ba ne, ba kuma ciwon ido ba. Na fito daga gida da safe a kan tsohon babur ɗina, na tsaya wurin Jules mai zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ya ɗura mini kwalba guda, tun da gidan man kan titi ya koma wurin ziyara, ka bi layi ka gaida famfo ka dawo. Na shigo layinmu na Yelwa, na wuce bishiyar darbejiya, na wuce teburin Hajja mai kunu, sai ga ni a bakin kwata inda layin ya ƙare. Na juyo, na sake wucewa. Ina shirin wani zagayen ne Hajja ta ɗaga ludayi ta tsayar da ni kamar ɗan sanda.

"Malam Isa, ɗawafi kake yi ne?"

"Hajja, shagona nake nema."

"Ga shi nan a bayanka. Arziki ya yi, bai sanar da kai ba."

Na waiwaya. Bangon da na sani tun ina saurayi, mai launin ƙasa da tabon manne, an shafe shi da shuɗin fenti. A saman ƙofa an kafa wani allo da ya fi ƙofar faɗi, da rubutun Faransanci fari fat. Sunan kamfani ne mai tsawo kamar jirgin ƙasa, a ƙarshensa an ce "da 'Ya'yansa". A ƙasa an jera ayyukan kamfanin: gini, kafinta, sayar da kwamfuta, haƙa rijiya, feshin maganin sauro, abincin taro. Wankan gawa kaɗai suka bar wa jama'a. Nawa allon kuwa, ɗan ƙarami da ke cewa "Isa Kafinta", an cire shi an jingine a bayan shago kusa da buta, fuskarsa na kallon bango kamar wanda ya yi laifi.

Kafin ku ce a kira 'yan sanda, ku tsaya in ba ku labarin tun daga tushe, don da bakina na ba da izini.

Kun dai ji a rediyo, kamar yadda na ji, cewa an yi wa harkar kwangilar gwamnati gyara. Daga yanzu, in ji su, ba za a ƙara kwaso kaya daga nesa ba alhali akwai masu yin su a gari. Mu mutanen Garwa mun san abin da ake nufi. Mun ga bencin makaranta da ya taso daga bakin teku, ya hau jirgin ƙasa, ya sauka ya hau tirela, ya iso nan da ƙafa uku, ya fi ni ganin duniya. Mun ga tsintsiyar da aka yi wa oda daga ƙetare, a ƙasar da kaba ke tsirowa ba wanda ya shuka ta. Aka ce duk wannan ya zama tarihi. Za a ware kaso na musamman domin ƙananan masu sana'a 'yan gida.

Aka kira mu taron wayar da kai a wani otal mai sanyi. Kafintoci, maƙera, teloli, masu walda, matan da ke dafa sabulu, kowa ya sa rigar Sallah ya je. Aka raba mana jaka mai kyau, an rubuta "A sayi na gida" a jikinta. Telan da ke kusa da ni ya juya cikinta ya nuna mini ɗan ƙyallen da ke faɗin ƙasar da aka ɗinka ta. Ba zan ambaci sunan ƙasar ba, amma ko a jirgin sama sai ka yi barci ka farka ka sake yin wani kafin ka isa.

Babban baƙon taron, Mai Girma Uban Gyara, Allah ya ƙara wa kujerarsa faɗi, ya yi jawabi da Faransanci mai maiƙo. Tafinta na juya mana da Fulatanci, ni kuma ina juya wa maƙerin da ke bayana da Hausa, kafin magana ta isa kunnensa ta rame kamar saniyar bazara. Amma abu guda ya iso da ƙibarsa. Duk mai neman kwangilar 'yan gida sai ya kasance yana da shago a gari wanda ido zai gani, da kayan aiki, da ma'aikata. Kwamiti zai fito da ƙafarsa ya duba. Kwanan kamfanin jaka ya ƙare, wato irin kamfanin nan da ofishinsa da injinansa da ma'aikatansa duk suna kwana a cikin jakar hannun mutum guda.

Na tafa har tafina ya yi ja. In gaya muku gaskiya, ba don ƙasa na tafa ba. Don Kamilu na tafa.

Kamilu ɗana ne na biyu, shi ne kaɗai namiji. Ya gama makarantar koyon sana'a da takardar kafinta, kuma ko da ba a yabon ɗan kai, hannunsa ya fi nawa. In ya haɗa katako biyu sai ka nemi bakin haɗin ka rasa. Amma me ake kawo mana a shago? Ƙafar kujera ta karye, ƙyauren banɗaki ya jirkice, wata tsohuwa na son a yi mata maratayin ƙwarya. Wani makon ma sai mu wuni muna kallon zarto, zarto na kallonmu. Saurayi mai gemu ba zai zauna a haka ba. Tun farkon damina ya haɗa jaka ya ajiye a bayan ƙofa, ya ce Mbakawu za shi, can wajen Tibati, inda abokansa ke kamun kifi a babban tafkin nan.

Kamilun da na sani, ko a kogin Binuwai da rani, lokacin da ruwa ba ya kai gwiwa, ba ya yarda ya saki bakin gaɓa.

Na ce masa, "Kai da ba ka iya iyo ba?"

Ya ce, "Baba, ba iyo za ni yi ba. Kwalekwale zan shiga."

"Kwalekwalen a kan tudu yake tafiya?"

"Baba, zaman banza ma yana nutsar da mutum, kuma a tudu."

Na ce to ga tafkin Lagdo nan kusa, in kifin ne. Ya ce Lagdo ta yi kusa, zan hau babur in je in dawo da shi. Bai yi ƙarya ba. Tun daga ranar uwarsa ta daina cin tuwon kirki, sai ta tsakura ta ture. Ni kuma duk sanda na shiga gida, jakar nan nake fara dubawa kafin in yi sallama.

Da na dawo daga taron otal na zaunar da shi. Na ce an fitar da sanarwar kwangilar bencin makaranta, wanda muke ce wa tabul-ban, na wasu ƙauyuka ta wajen Poli, kuma a kason 'yan gida yake. Shago muna da shi, na gado ne ma. Kayan aiki muna da su. Ma'aikata, ga ni ga shi. Ya ce, "Zan jira kwamitin. In sun zo sun gan mu, na kwance jaka. In ba su gan mu ba, Baba, sai ka yi mini addu'a." Na ce na yarda. Yaya za a yi mutum ya zo shagonka da idonsa biyu ya ce bai gan ka ba?

Daga nan na shiga farautar takardu. Ba zan gajiyar da ku da sunayensu ba, ni kaina ban riƙe ba. Abin da na lura da shi, takardun nan ba sa son haɗuwa da juna, kamar dangin da suka yi rabon gado. Kowace tana da kwanakin rayuwarta. Kafin a haifi ta ƙarshe, ta farko ta rasu. Ka koma raya ta farko, ta tsakiya ta kwanta jinya. Ofishin da zai buga maka hatimi, mai hatimin ya tafi taron wayar da kai a kan yadda za a sauƙaƙa wa irinmu samun hatimi. Takalmina ya huje, babur ya sha zuwa-zuwa har Jules ya fara kirana babban kwastoma. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. Wata rana dai Allah ya tara su duka da rai a lokaci guda, na rungume su kamar jariri na kai na miƙa. Kamilu kuma ya ƙera benci guda na gwaji, ya goge shi, ya shafa masa mai har kana ganin fuskarka a ciki. Muka ajiye shi a tsakiyar shago muna jiran baƙi.

Ranar Litinin da yamma wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a gindin darbejiya. Wani mutum ya fito, tsaf-tsaf da shi, jaka a hammata. Ya ce sunansa François. Ya rusuna ya gaishe ni da Fulatanci, da ya ji harshena ya koma Hausa. Ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin gari. Ya kira ni Baba. Har kunun Hajja ya sha a tsaye, ya ce rabonsa da irinsa tun kakarsa na da rai. Sannan ya ce wata 'yar alfarma ta kawo shi. Aron bango yake so, na wuni guda, zai rataya wata 'yar sanarwa.

To, ku da ba 'yan unguwarmu ba, sai na yi muku bayani. Mu a nan da aro muke rayuwa. Tabarmar suna ta aro ce, tukunyar biki ta aro ce, tsani na aro, baro na aro, babbar rigar zuwa neman aure ma sau da yawa ta aro ce. Akwai guduma guda a layinmu da ta zaga kowane gida, har mai ita ya manta tasa ce, ranar nan ya zo wurina aronta. Mutumin da aka roƙa aro ya hana, har jikokinsa sai an yi musu gori. Balle bango, abin da ba ɗauka za a yi a tafi da shi ba. Balle kuma baƙo, wanda aka ce baƙonka annabinka. Na ɗauka irin takardar rigakafin nan ce da ake mannawa. Kamilu ya dube ni ta gefen ido, ya yi gyaran murya. Na yi kamar ban ji ba. Na ce wa baƙon, "Bango ai na Allah ne. Rataya."

Abin da na tarar da safen Talata ke nan.

Ina tsaye baki buɗe sai ga motar ta dawo. Na ce, "Mesiye François, 'yar sanarwa ka ce."

Ya ce, "Baba, masu rubutun ne suka zarce, ka san yaran yanzu. Kafin la'asar an cire. Fentin kuma na bar maka kyauta." Ya buɗe bayan mota ya ɗauko hulunan kwano biyu masu ruwan ɗorawa da riguna masu ƙyalli irin na masu aikin titi. Ya kifa mini ɗaya a ka da hannunsa, ya miƙa ɗayar ga Kamilu, wanda isowarsa ke nan. "Tsaraba ce, Baba. Kafinta na zamani da hula yake aiki."

Kyauta daga hannun baƙo ba a mayarwa. Ina gyara zaman hular, ina neman kalmar da zan ce masa ya sauke allonsa ba tare da na ci fuskarsa ba, sai motoci suka shigo layi a jere, awaki na tsere. Kwamiti ne. Mu ba a sanar da mu ranar zuwansu ba, don kada mu yi shiri na ƙarya. Yadda Mesiye François ya san ranar, har da sa'ar, wannan sai malaman duba.

Shugaban kwamitin, Mai Girma Sarkin Dubawa, ya fito daga mota ta gaba, yana share gumi da farin hankici. Bai dube ni ba, bai dubi Kamilu ba. Allo ya duba, ya karanta shi tun daga gini har abincin taro, yana gyaɗa kai. Ya shiga ciki, ya ga zartuna, ya ga tarin katako, ya shaƙi ƙamshin garin itace. Ya zauna a kan bencin Kamilu, ya girgiza jikinsa, kuma jiki ne ba na wasa ba, benci bai ce uffan ba. Ya miƙe ya kama hannun François da hannu biyu.

Ya ce, "Ga irin abin da muke nema. Ɗan gida, aiki na gida, ma'aikata na gida."

François ya sunkuyar da kai cikin kunya irin ta mutanen kirki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan shi ne shugaban ma'aikatana. Ya daɗe a nan."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, na daɗe. Na buɗe baki zan yi magana, sai tarbiyya ta riƙe mini harshe. An koya mana ba a katse babba, ba a kuma kunyata baƙo a gaban mutane. Na ce bari su gama, layina na zuwa. Aka jera mu aka ɗauki hoto, François a tsakiya, ni da ɗana a gefe da gefe kamar ragunan da aka kai kasuwa.

Sai sakatariyar kwamitin, wata Madam Nadine, ta duba takardarta ta ce saura mai nema na gaba, kuma a layin nan yake. Ta karanta: "Isa Kafinta, Yelwa, gindin darbejiya, daura da mai kunu." Kun san mu ba mu da lambar gida, da bishiya da mai kunu ake gane mu.

Suka dubi darbejiya, ga ta. Suka dubi mai kunu, ga ta, har ta ɗaga musu ludayi. Suka dubi hagu, suka dubi dama.

Na matsa na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Nan ne."

Mai Girma ya dube ni a karon farko. Ba fuskata ya duba ba, goshina ya duba. Ashe sunan kamfanin François na rubuce a gaban hular.

Ya ce, "Kai ba yanzu aka ce kai ne shugaban ma'aikata ba?"

"Ranka ya daɗe, aro ne. Bangon na ba shi aro."

"Bangon wa?"

"Nawa."

"Ina shaida?"

Na ce a ba ni minti ɗaya. Na zaga baya da sauri, na ɗauko allona daga kusa da buta, na kaɗe masa ƙura, na dawo na tsaya a gabansu riƙe da shi a ƙirji. Na ɗauka magana ta ƙare, gani ya kori ji.

Mai Girma ya yi murmushin wanda tarkonsa ya kama. Ya juya ga 'yan kwamitinsa ya nuna ni da hankici.

"Kun gani da idonku? Allo a hannu. Wannan ita ce cutar da gyaran nan ya zo ya kashe. Mutum ya ɗauki allo yana yawo da shi, duk inda ya ga shagon bayin Allah sai ya tsaya a gaba ya ce nasa ne. Madam, rubuta: an je, ba a samu wurin ba."

Hajja ba ta iya haƙuri ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan tun gashinsa na baƙi yake shan kununa a ƙofar nan. Ubansa ma a nan ya yi sana'a."

Ya ce, "Mama, maganar mai kunu ba ta cikin ƙa'idojin dubawa."

Ta ce, "To ai da mai kunun kuka gane wurin."

Ya yi kamar da darbejiya take magana. Ya tsaya a inuwa ya yi ɗan jawabi a kan gaskiya da riƙon amana, ya ce a wannan karon an yi mini afuwa saboda furfurata, amma in na sake za a ɗauki mataki. Aka tafa. Ina jin ni ma na tafa, don hannu ya saba. Duk wannan abin François na duban wayarsa, kamar wanda aka aiko wa labarin rasuwa. Da motoci suka tashi ya matso ya raɗa mini, "Baba, kada ka damu. In na sami kwangilar, ai kai za ka yi aikin. Za mu daidaita." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dā ina jin ana cewa da ɗan gari akan ci gari, ban san har da bangonsa ake haɗawa ba.

Yanzu don Allah kada wani ya ce ina zagin gyara. Ni wa? Gyara ya yi kyau. A dā kamfanin jaka ba ya ko sanin hanyar unguwarmu, daga otal yake cin kwangila ya koma. Yanzu dole ya zo ya gaishe mu, ya sha kunu, ya yi mana fenti. Wannan ba ci gaba ba ne? A dā ana hana mu kwangila ba tare da an san da mu ba. Yanzu sai an tako har ƙofa, an dube mu, an tabbatar babu mu, sannan a hana mu. Ko ba komai an girmama mu.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma da za a tambayi mai ɗaki inda yake yoyo, da na ce a bar karanta allo a tambayi maƙwabta. A miƙa wa mai kamfanin zarto a ce ya yanka katako a miƙe, a gani. A daina ɗaure bencin ƙauyuka masu yawa a dami guda wanda sai mai ƙaton ciki zai iya ɗauka, a kasa shi ƙanana yadda irinmu za mu iya. A bar takardun nan su yi tsawon rai ko da na kazar gida ne. In an yi aiki kuma a biya mutum tun yana da haƙoran cin abin da aka biya shi. Amma wa zai tambaye ni? A rubuce yake cewa babu ni. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan ne ke rubuta rahoto.

Duk wannan surutun daga baya ya zo mini. A lokacin, abu guda ne a raina. Na juya in ga Kamilu, sai na ga hular kwano a kan benci, babu mai ita.

Hajja ta ce, "Ya bi ta can, bai ce komai ba."

Jama'a, ban san tsohon babur ɗina na da gudu haka ba. Na je gida, uwarsa ta ce ya shigo ya fita. Na duba bayan ƙofa, babu jaka. Na zaga tashoshin motocin kudu ɗaya bayan ɗaya, ina leƙa tagogi, ina kiran sunansa kamar mai tallan goro. A wata tashar wani ɗan kamasho ya ce, "Baba, cire hular mana, fasinja na tsammanin gobara ce." Sai a lokacin na tuna tana kaina. Ba abin da nake gani a idona sai ruwa, faɗi ba iyaka, da kwalekwale a kife. Na yi wa Mai Girma Sarkin Dubawa addu'o'in da ba zan rubuta a jarida ba.

Bayan la'asar na dawo shago don in rufe. Sai na hango mutum a kan tsani yana auna saman ƙofa. Kamilu ne, fensir a bayan kunne. Jakarsa na ƙasa a buɗe, ya zazzage kayan sawa a kan benci ya cika ta da kusoshi da maɗauri. A gindin darbejiya ga wasu mutum biyu tsaf-tsaf, kowa da jaka a hammata, suna shan kunu a tsaye.

Na ce, "Kamilu, me ke nan?"

Ya sauko ya ja ni gefe. "Baba, na je tasha. A can direban kwamitin ya gan ni, ya ce ana neman bango. Akwai kwangilar rijiyoyi, akwai ta kayan asibiti, akwai ta abinci, kowace da kwamitinta da ranarta. Waɗannan biyun na farko ne, wasu na tafe."

"To me kake aunawa?"

"Firam zan yi mai kwari, yadda allo zai shiga ta gefe ya fita ta gefe. Ba sai an riƙa huda mana bango ba. Allunan ma ni zan yanka. Kuma ba aro ba ne, Baba. Haya ce."

Na ce, "Ɗana, wannan ai ƙarya za mu yi wa gida."

Ya ce, "Ni katako nake yankawa. Abin da za su rubuta a kai, su da Allahnsu. Yau da gaskiyarmu muka tsaya, har da allo a ƙirji, ka ji abin da aka kira mu." Ya ɗora ƙafa a kan tsani. "In ba ka so, ka faɗa. Motar Tibati ba ta ƙare ba, akwai ta gobe."

Na dubi jakar, na dubi tsanin. Na nemi karin maganar da zan ba shi, ni da ba na rasawa, na rasa. Hajja ce ta cece ni, ta ce, "Malam Isa, riƙe masa tsanin kada ya faɗo." Na riƙe.

Da magariba uwarsa ta cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari. Ni ne na tsakura na ture.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Mai Girma Uban Gyara da Mai Girma Sarkin Dubawa, Allah ya ƙara musu sanyin ofis. Sun yi alkawarin gyara zai kawo wa 'yan gida aiki, ga shi ya kawo. Na ji kafintocin wasu unguwannin ma sun shiga yanka alluna, masu fenti ba sa samun zama. Yaran ƙauyukan Poli dai har yanzu a kan duwatsu suke karatu, amma su yi haƙuri, dutse ma na gida ne, ba a yi odarsa daga ko'ina ba.

Wanda ke da karyayyar kujera kuma yana nemana, kada ya wahalar da kansa da karanta allo. Jiya ni mai haƙa rijiya ne, gobe an ce likitan dabbobi zan zama. Ku nemi darbejiya, ku tambayi Hajja. In kuwa sai kun ga sunana a rubuce za ku yarda akwai ni, ku zo ranar Lahadi, ranar da kwamiti ba ya fita. Kamilu ya ware mini ita, yana zura allona da hannunsa. Yaron kirki ne, ya ce ni ba zai karɓi haya a hannuna ba. Aro ya ba ni.